Albumin ko sa'ar farko? Zare kan mara lafiyar da jininsa ya faɗi a Anka, Gummi da Bukkuyum

1/ Jama'a, yau zaren kan wata kwalba ce mai tsada da ake kira albumin, da mara lafiyar da ƙwayar cuta ta kayar masa da awon jini. Ra'ayina tun daga farko: a Anka, Gummi da Bukkuyum, latti da rashin ƙananan kaya masu araha ne ke cin mutanenmu, ba rashin albumin ba. Ku biyo ni. 🧵

2/ Abin da ya sa na ɗauko maganar: idan jiki ya yi tsanani, za ka ga dangi na ta buga waya Gusau ko Sakkwato a nemo albumin ko nawa ne, don sun ji an ce shi ne babban ruwa. Wani sai ya kaɗa akuya, wani buhun gero. Mai fitar da kuɗin nan ya cancanci ya san me yake saya.

3/ Mu fara da cutar. Likitoci na kiranta sefsis. Ƙwayar cuta ce ke kama wani sashe, huhu ko hanji ko mahaifa ko mafitsara ko wani miki. Jiki ya tashi yaƙarta, sai yaƙin ya wuce gona da iri, ya koma yana lalata ƙoda, huhu, hanta da ƙwaƙwalwar mai shi.

4/ A wajenmu ƙofofinta sanannu ne. Mai jego da zazzaɓi ya rufe kwana uku bayan haihuwa a gida. Yaron da taifot ta huda wa hanji. Nimoniya bayan ƙyanda. Raunin harbi da ya kwana biyu a daji kafin a samu hanya. Sanƙarau, irin wanda ya yi wa Zamfara ɓarna a 2017.

5/ Kuma ba ƙaramar cuta ba ce. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga a 2020 ya ce a shekarar 2017 kaɗai mutum miliyan 48.9 suka kamu, miliyan 11 suka rasu. Kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a duniya ke nan, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi muni.

6/ Matakin da ya fi haɗari shi ne lokacin da awon jini ya faɗi ya ƙi tashi. A nan akwai ruɗani a bakinmu. Idan an ce "jininsa ya sauka", wani na nufin jinin ya yi kaɗan, wato ƙarancin jini. Wani na nufin ƙarfin turawar ne ya faɗi, kishiyar hawan jini. Na biyun muke magana.

7/ Mai noman rani a bakin gulbin Zamfara zai fi kowa saurin ganewa. Zuciya ita ce injin ban-ruwa. Jijiyoyi su ne tiyo. Jini shi ne ruwan. Ƙoda da ƙwaƙwalwa su ne fangalin da ke can ƙarshen gona, suna jiran ruwa ya iso.

8/ Sefsis na yin ɓarna uku lokaci guda. Tiyon ya saki ya yi faɗi, ruwa ya daina tafiya da ƙarfi. Tiyon ya fara tsiyaya ta ko'ina, ruwan jini na fita cikin nama da huhu. Wani lokaci injin kansa ya yi sanyi. Sai fangalin ƙarshe ya bushe: fitsari ya tsaya, hankali ya gushe.

9/ Lambar da ake bi ita ce matsakaicin awo, kuma ana so kada ta gaza 65. Lissafin ba wuya: lambar ƙasa sau biyu, a haɗa da ta sama, a raba uku. Mai 90 bisa 50 yana da 63, yana bakin rami. Mai 100 bisa 55 yana da 70. Duk nas mai na'urar awo za ta iya wannan a gefen gado.

10/ To ina albumin ya shigo? Sinadari ne da hanta ke yi, kuma shi ya fi yawa cikin ruwan jininmu. Babban aikinsa riƙe ruwa a cikin jijiya kada ya tsere. Na kwalba ana tace shi ne daga jinin da mutane suka bayar, a masana'anta, shi ya sa yake da tsada. Akwai mai ƙarfin kashi 5, akwai mai kashi 20.

11/ A tunani abin ya yi daidai. Ruwa na tsiyaya, ga abin da ke riƙe ruwa, sai a zuba. Matsalar ita ce tiyon da ya huje, shi ma albumin ta nan yake bi ya fita. Shi ya sa masana ba su tsaya ga tunani ba, suka gwada a kan dubban marasa lafiya. Ga abin da aka samu.

12/ Gwajin SAFE, 2004, Ostireliya da Niyu Zilan. Kusan mutum 7,000 a ɗakunan kula na musamman. Rabi aka ba albumin, rabi ruwan gishirin asibiti na yau da kullum. Bayan kwana 28, yawan mutuwa iri ɗaya. Masu rauni a ƙwaƙwalwa ma sun fi mutuwa a ɓangaren albumin.

13/ Gwajin ALBIOS, 2014, Italiya. Mutum 1,818 masu sefsis mai tsanani a ɗakunan kula na musamman 100. Waɗanda aka ƙara wa albumin, kashi 31.8 cikin ɗari suka rasu a kwana 28. Waɗanda aka bari da ruwan leda kawai, kashi 32. A kwana 90 ma ba a ga bambancin da za a kafa hujja da shi ba.

14/ Ku lura da wani abu a gwajin Italiyan nan: albumin ya ɗan ɗaga awon jini fiye da ruwan leda. Lamba ta gyaru, amma yawan gawa bai ragu ba. Wannan darasi ne babba. Dangi na murna an ce awo ya tashi, alhali abin da muke so shi ne mutum ya koma gida da ƙafarsa.

15/ Waɗancan a Turai da Ostireliya ne, inda kowane gado ke da na'urar taimakon numfashi. Mu dawo Afirka, inda asibitocin suka fi kama da namu. Gwajin FEAST, 2011, Yuganda, Kenya da Tanzaniya, ƙarƙashin Farfesa Kathryn Maitland. Yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagayawa sosai.

16/ An kasa su uku. Kaso ɗaya aka ɗura musu albumin da sauri, kaso ɗaya ruwan gishiri da sauri, kaso na uku aka bar su da ruwa a hankali kamar yadda aka saba. Cikin sa'a 48: albumin kashi 10.6 suka rasu, ruwan gishiri 10.5, waɗanda ba a ɗura wa ba 7.3.

17/ Ku sake karantawa. Ɗura ruwa da sauri ya ƙara mutuwa, kuma mai tsadar da mai arahar duk ɗaya suka yi. Sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Fiye da rabin yaran na da maleriya, kusan kashi ɗaya cikin uku na da ƙarancin jini mai tsanani. Wallahi kamar ana kwatanta ɗakin yara na Gummi a watan Satumba.

18/ Manya ma an gwada. A Lusaka ta Zambiya, binciken da aka buga a 2017 kan mutum 209 masu sefsis da faɗuwar jini: waɗanda aka bi da tsarin ruwa mai yawa da wuri, kashi 48 suka rasu a asibiti. Waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, kashi 33. Yawancinsu masu ɗauke da HIV ne, jiki ya riga ya raunana.

19/ Me ya sa? Ruwan da ya wuce ƙima yana taruwa a huhu. A Milan idan haka ta faru sai a jona mutum da na'ura ta yi masa numfashi. A asibitin da ko oksijin sai an yi rabo, mutum nutsewa zai yi a kan gado. Ruwan leda magani ne, yana da awo kamar kowane magani.

20/ Kada wani ya ɗauki wannan ya ce na hana ƙarin ruwa. A'a fa. Mai amai da gudawa, irin kwalarar da ke tashi a ƙauyukan Bukkuyum da damina, ruwa ne ya fice daga jikinsa, kuma ruwa da sauri shi ke ceto shi. FEAST ma ba ta saka masu gudawa ba. Cuta biyu ce daban, hukunci biyu daban.

21/ Haka yaro mai tamowa da ya kumbura. Gaskiya ne albumin ɗinsa ya yi ƙasa, amma ba a gyara shi da kwalba. Madarar F-75 ce a hankali, da maganin ƙwayoyin cuta, da ɗumi, da kula da sukarin jini. Zuciyar irin yaron nan ba ta ɗaukar ruwa mai yawa a jijiya. Masu aikin tamowa a Gummi sun san wannan sarai.

22/ Yanzu adalci ga albumin, don yana da gurbinsa. Mai ciwon hanta da cikinsa ya cika da ruwa, ƙwayar cuta ta shiga ruwan: wani gwaji a Sifen a 1999 ya nuna ƙara albumin kan maganin ya rage mutuwa a asibiti daga kashi 29 zuwa 10. Nan kam kuɗin bai tafi a banza ba, kuma masu ciwon hanta ba su da kaɗan a cikinmu.

23/ A ALBIOS ma, da aka koma aka ware waɗanda jininsu ya faɗi ƙwarai, an ga kamar albumin ya ɗan taimaka musu. Sai dai wannan lissafin bayan an gama gwaji ne, ba shi aka shirya aunawa ba. Alama ce da ta isa a sake bincike. Ba ta isa a ce wa talaka ya sayar da gonarsa ba.

24/ Shi ya sa ƙa'idar duniya ta Surviving Sepsis Campaign ta 2021 ta ce a fara da ruwan leda. Albumin sai ga wanda ya riga ya sha ledoji masu yawa, kuma ko a nan shawara ce mai rauni, ba umarni ba. Wato a jerin kayan ceto, albumin na can wajen ƙarshe. Mu kuwa muna neman mai da shi na farko.

25/ Mun tashi da jin araha ba ta ado. A kasuwar atamfa haka ne. A ɗakin mara lafiya kuwa, kuɗin kwalba ɗaya ta albumin zai sayi ledojin ruwa masu yawa, da allurar kashe ƙwayoyin cuta ta kwanaki, da robar fitsari, har a rage na mai. To mene ne a gaban jerin?

26/ Na ɗaya: allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a ɗaya da gane cutar. Ba bayan an dawo daga kemis ba, ba bayan an sayar da tunkiya ranar kasuwa ba. Idan gwaji ya nuna maleriya mai tsanani, allurar atesunet ta bi. Kowace sa'a da ta wuce, damar tashi na raguwa.

27/ Na biyu: a toshe inda cutar ke fitowa. Hanjin da ya huje sai tiyata. Ragowar mabiyiya a mahaifa sai an kwashe. Ƙurji mai mugunya sai an tsaga. Ko tankar albumin aka juye wa mai hujajjen hanji, in ba a shiga da shi tiyata ba, aikin banza ne.

28/ Na uku: ruwa da awo. Ƙa'idar 2021 ta ambaci mililita 30 kan kowane kilo cikin sa'a uku na farko ga babba. Mai kilo 60, mililita 1,800 ke nan, bai kai leda huɗu ta rabin lita ba. A wurinmu, bayan darasin Lusaka, gara a ba da kaɗan-kaɗan, a saurari ƙirji, a ƙirga numfashi, sannan a ƙara.

29/ Na huɗu, kuma nan ne giɓinmu ya fi girma: maganin matse jijiya. Tiyon da ya saki ba ƙarin ruwa yake nema ba har abada, matsewa yake so. Noradirinalin shi ne zaɓin farko. Gwajin SOAP II na 2010 ya nuna dofamin ya ninka shi kusan sau biyu wajen rikita bugun zuciya.

30/ Da ana cewa sai an sa babbar roba a jijiyar wuya kafin a fara shi, wanda ke nufin sai babban asibiti. Ƙa'idar 2021 ta sassauta: a fara ta kanula mai kyau a babbar jijiyar hannu na ɗan lokaci, maimakon a zauna jira. Inda babu noradirinalin, adirinalin na iya tsayawa, kuma shi kusan kowane asibiti na da shi.

31/ Amma maganin nan wuƙa ce mai kaifi. Yana son na'urar da ke tura shi daidai, ko aƙalla mai ƙirga ɗigo da ba zai gusa ba. Yana son a duba awo akai-akai, a duba hannun kada ya zube cikin nama. Wato yana son nas. Nas ɗaya da gadaje talatin da tocilan ba za ta iya ba, kome ƙwazonta.

32/ Na biyar: oksijin da jini. Yaron da maleriya ta shanye wa jini, jini yake buƙata, kuma albumin ba ya ɗaukar iska ko kaɗan. Firij mai sola na ajiye jini da na'urar tace oksijin mai aiki da dare sun fi kwalin albumin amfani nesa ba kusa ba.

33/ Na shida ba ya cin ko sisi: ido. A danna farcen mara lafiya har ya yi fari, a saki. Idan ya wuce daƙiƙa uku bai dawo ja ba, jini ba ya isa. Wani gwaji a Kudancin Amurka a 2019 ya nuna bin wannan alama bai gaza gwajin jini mai tsada ba. Sai fitsari: babba mai kilo 60 ana so ya ba da kamar mililita 30 a sa'a.

34/ Yanzu mu sa taswirar yankinmu a kan wannan jeri. Manyan asibitocin da ake tura mu su ne FMC da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, sai Asibitin Koyarwa na Danfodiyo a Sakkwato. Daga ƙauyen Bukkuyum ko bayan Daki Takwas, tafiyar sa'o'i ce ko hanya na lafiya.

35/ Kuma mun san ba kullum take lafiya ba. Wa zai kama hanyar Anka zuwa Mayanchi da tsakar dare da mai jego a bayan mota? Mun ga Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a jihar, ko direba ba ka iya kira. Mun ga abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Janairun 2022. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

36/ Ma'anar haka ita ce sa'o'in da ke raba rai da mutuwa a babban asibitin Anka, na Gummi ko na Bukkuyum za su wuce, ba a Gusau ba. Duk tsarin da ya dogara da "a tura shi gaba" ya bar mutumin a lokacin da ya fi buƙata. Turawa na da amfani, amma bayan an tsayar da shi da ƙafafunsa.

37/ Mun taɓa ganin an yi daidai. A 2010 da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Yargalma, ba a kwashi yaran zuwa Abuja ba. MSF da ma'aikatan jiha sun buɗe wuraren jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka, aka kawo maganin kusa da uwayen, mutuwa ta faɗi warwas.

38/ Ga gwamnatin jiha, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024: fenti da sabon gini na da kyau, mun gode. Amma ina roƙon a auna nasara da tambaya ɗaya. Idan aka kawo mai sefsis ƙarfe biyu na dare ba shi da ko naira, minti nawa kafin allurar farko ta shiga jikinsa?

39/ Abin da nake so a gani a kowane asibitin nan uku: akwatin gaggawa da ake buɗewa kafin a yi maganar kuɗi. Allurar kashe ƙwayoyin cuta, ruwan Ringer, kanula, robar fitsari, adirinalin da noradirinalin, na'urar tura magani ko biyu ce, sola. Da gado huɗu kusa da teburin nas don masu tsanani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

40/ Da ma'aikata. Kayan nan duk ƙarfe ne in babu mai riƙe su. Nas ɗin da ta yarda ta kwana a Bukkuyum a wannan hali ta cancanci alawus da masauki mai tsaro fiye da wanda ke zaune a ofis a Gusau. A horar da su kan sefsis a inda suke aiki, a gefen gadon, ba a otal ba.

41/ Ga abokan aiki likitoci: kafin biro ya rubuta albumin, mu dubi wanda zai biya. An ba da allura a kan lokaci? An nemo tushen cutar? An fara matse jijiya? Akwai oksijin? Idan amsar ɗaya a'a ce, can kuɗin ya kamata ya tafi. Idan kuma akwai dalili na gaske, kamar ciwon hanta, a zaunar da dangi a yi musu bayani da Hausa.

42/ Ga 'yan uwa masu jinya: tambaya ba rashin kunya ba ce. Cikin ladabi ku ce, "Likita, wannan kwalbar me za ta ƙara masa? Idan kuɗinmu bai isa duka ba, wanne za mu fara saya?" Likitan kirki zai ji daɗin tambayar. Hukuncin ƙarshe nasa ne, shi ke ganin mara lafiyar, ba mai zare a waya ba.

43/ Amma babban aikinku yana gida, tun kafin asibiti. Zazzaɓi tare da ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi sama-sama, surutai ko yawan barci, hannu da ƙafa sun yi sanyi, yini guda ba fitsari, jariri ya ƙi nono, mai jego na fitar da ruwa mai wari. Wannan ba na kemis ba ne, ba na jiƙo ba ne.

44/ Kuma ku duba rana. Idan alamun sun bayyana da hantsi, a tafi da hantsi. Mu da hanyarmu ke rufewa da magariba, "bari mu ga zuwa yamma" na nufin sai gobe. A ba mata izini tun yanzu: in maigida na gona ko kasuwa, ta ɗauki yaro ta tafi, a yi bayani daga baya.

45/ Masu hali da ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke Gusau, Kaduna da Abuja: idan kuna son taimakawa, ku tambayi shugaban asibitin garinku me ke ƙarewa da dare. Zan yi mamaki in ya ce albumin. Zai ce oksijin, zai ce jini, zai ce batirin sola, zai ce hannu.

46/ Ranar 13 ga Satumba ce ranar sefsis ta duniya, daidai lokacin da ɗakunan yaranmu ke cika. Kafin ta zagayo, ina so mu iya nuna asibiti ɗaya a Anka, Gummi ko Bukkuyum da ke rubuta lokacin isowar mara lafiya da lokacin allurar farko. Daga wannan takardar gyara zai fara.

47/ Ma'aikatan lafiya na yankin, ku faɗa mana a ƙasa: cikin abubuwa shidan nan, wanne ya fi yi muku wuyar samu? Ku tura zaren ga mai jinya ko ɗan majalisar da kuka sani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar mana da yankinmu lafiya.